Murfin Langa

Masaukin 'yan mata, Gashuwa

Zuwa ga Innata Zara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya ƙafar taki? Ina fata kina shafa maganin. Ni ma ina lafiya, alhamdu lillahi.

Inna, akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da baki ba zan iya ba, shi ya sa na rubuta na ba Malam Kalli direba ya kawo miki. Ba don ɗinki na nace sai na zo koyon sana'a a Gashuwa ba. Da ɗinkin ne kawai, ai ga mai keke a bayan gidanmu. Na zo ne saboda a garin nan mahaifiyata take. Tun da ta yaye ni ta miƙa miki ni ta zo aure nan, ban taɓa ganinta ba sai a wurin biki ko ta'aziyya, daga nesa, cikin mata. Ina so sau ɗaya in zauna a ɗakinta, ta zuba mini abinci da hannunta in ci. Abin da nake so ke nan. Don Allah kada ki ce ban gode da riƙon da kika yi mini ba. Ke ce kika goya ni, ban manta ba.

Masaukinmu ɗaki ne dogo, an jera katifu a ƙasa. Kusa da ni akwai wata Rumaisa daga Dapchi, bakinta ba ya hutawa. Da safe ana ba mu shayi da burodi, da yamma shinkafa da wake a babban faranti, kowa ya sa hannu. Kin san halina, ba na iya ci ana kallona. Sai in ɗan taɓa in ce na ƙoshi. Jiya Rumaisa ta ce, "Ke 'yar Nguru, wai iskar Gashuwa kike ci? To ki ci a hankali, ki rage wa masu gari." Kowa ya yi dariya. Daga baya ta ɗebo mini a murfin tukunya ta kai mini bayan ɗaki, ta juya mini baya har na gama. Tana da kirki, bakin ne kawai.

Wurin koyon yana da ɗan nisa da masauki, da ƙafa muke zuwa. Sauran suna bin bakin titi, nan da nan sun isa. Ni kuwa nakan ce musu zan biya wani wuri, sai in zagaya ta unguwar Katuzu. Wata mai ƙosai ce ta nuna mini gidan, na ce mata aiko ni aka yi. Gida ne mai koren ƙyaure, da bishiyar maina a ƙofa, an shanya barkono a tabarmi har bakin hanya. In na zo wucewa sai atishawa ta kama ni, in toshe hanci don kada a ji.

Shekaranjiya na gan ta, Inna. Ta leƙo zaure da hijabi tana kiran ƙaramin yaronta, "Mu'awiya! Zo ka saka takalmi, ƙasa da zafi!" Na tsaya a bayan bishiya har ta koma ciki. Ranar na makara, Malama ta sa na share aji.

Har yanzu a takardar siminti muke koyon ɗinki, ba a ba mu yadi ba tukuna. Malama ta ce layina yana fita a miƙe.

Ki ba ni izini in shiga in gaishe ta. In kin ce a'a, ba zan shiga ba.

Ki gaida kowa da kowa. Na bar ki lafiya.

'Yarki,
Mairam

*

Bulabulin, Nguru

Mairam,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi.

To sannu, uwar ɓoyo. Kina tsammani ban sani ba? Ranar da aka ce za a ɗauki yara zuwa Gashuwa, ke da ko aike bakin layi sai an yi ta fama da ke, kika tashi tsaye kika ce za ki. Tun ranar na gane. Na yi shiru ne in ga yaushe bakin zai buɗe.

Wane izini kuma? Fadimatu ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ke kuma ita ta haife ki. Ki daina laɓewa a bayan bishiya kamar wadda ta saci kaza, kada mutanen Katuzu su ce mun aika musu mai leƙen gidaje. Ki yi wanka, ki sa atamfarki ta salla, ki yi sallama ki shiga. Na sa a jakar Kalli dabino da turaren wuta, ki kai mata, kada ki je hannu sake.

Amma ki ji ni da kyau. Ke 'yar fari ce. Fadimatu irin mutanen da ce wajen kunya, ta ma fi marigayiya tsohuwarmu. Ba za ta kira sunanki ba, ba za ta zauna hira da ke ba. Kada ki sa ran za ta rungume ki. Kada kuma ki dawo mini kina kuka.

Batun abinci kuma, ki ci. Kunya ba ta taka keke. Ki gaida Rumaisar nan, ki ce na gode, Allah ya yi mata albarka, ta ci gaba da juya miki baya.

Allah ya tsare mini ke.

Innarki,
Zara

*

Masaukin 'yan mata, Gashuwa

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan alheri. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya ƙara girma.

Kin ce kada in yi kuka. Ki yi haƙuri, na yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tafi. Rana tana dukan ƙasa, yashi ya cika mini silifas, sai da na tsaya a inuwar wani injin casar shinkafa na kakkaɓe ƙafata da bakin zani don kada in shiga gidanta da ƙura. Na yi sallama, muryata ba ta fita ba. Na sake yi. Wata yarinya ta leƙo, mai kama da ni sosai har na ji tsoro. Sadiya ce, mai bi mini. Ta ce, "Wa kike nema?" Na ce daga Nguru nake.

Tana tsakar gida tana tsintar shinkafa a tire. Da ta ɗago ta gan ni, sai tiren ya karkace, shinkafa ta zube, kaji suka taso. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon kaji. Ta ce, "Ya mutanen gida? Ya lafiyar Ya Zara?" Na ce lafiya. Na tura mata dabino da turaren. Ta ce wa Sadiya, "Ɗauki, ki kai ta ɗaki, ki ba ta ruwa." Daga nan ta shige kicin, ba ta sake fitowa ba.

Inna, na san ni 'yar fari ce. Ban sa ran jin sunana ba. Amma ko kallo? Ko sau ɗaya idonta bai sauka a kaina ba.

Na zauna a ɗakinta a bakin tabarma. Akwai kabad mai gilashi, an jera langa-langa masu jan fure, daga babba har ƙarama. Na daɗe a zaune. Ina jin ƙamshin kifi banda daga kicin, ina jin tana yi wa yara faɗa, tana kiran kowa da sunansa. Can sai Sadiya ta shigo ta buɗe kabad ta ciro langa ɗaya daga cikin jeren, ta fita da ita, ta dawo da ita a rufe ta ajiye a gabana. Ta ce, "Mama ta ce ki ci." Sai ta zauna tana kallona. Mu'awiya ya zo ya zauna, wata ƙarama ita ma ta zo. Mu'awiya ya ce, "Wai ke yayarmu ce? To me ya sa ba kya kwana a nan?" Sadiya ta make shi.

Ina jin yunwa, Inna, tun safe ban ci komai ba. Wannan ne abincin da na zo Gashuwa dominsa. Amma hannuna ya ƙi tashi daga cinyata. Ga idanu a kaina, ga labule yana motsi kamar akwai mutum a bayansa. Na yi ta cewa a raina yanzu zan buɗe, yanzu zan buɗe, har aka kira la'asar. Sai na miƙe na ce za a rufe masauki, alhali ba a rufewa sai magariba. Na tsaya a ƙofar kicin na ce, "Na tafi." Ta ce, "To, a gaida gida," ba ta juyo ba.

Ban san ta inda na bi ba. Na ɓata hanya, na tsinci kaina a bakin kogi wajen gada, inda masunta ke gyaran koma. A nan na zauna na yi kukana, sannan na tambayi wata mai tallan nono ta nuna mini hanya.

Ina ganin zuwana bai yi mata daɗi ba. Tana da 'ya'yanta, gidanta a cike yake. Ba zan koma ba.

An fara ba mu yadi. Malama ta ce kafin a sallame mu kowa za ta ɗinka riga da zani na babbar mace, ta kawo awon wadda za ta ɗinka wa. Kowa ta ce na mamarta za ta yi. Da aka zo kaina na ce ni ma. Ba ni da awonta, amma na kalle ta da yawa daga bayan bishiya. Kafaɗarta ba ta kai taki faɗi ba, ta kuma fi ki tsawo kaɗan. Na riga na yanka. Ban san me zan yi da rigar ba in na gama.

Ki sa ni a addu'a. Na bar ki lafiya.

'Yarki,
Mairam

*

Katuzu, Gashuwa

Ya Zara,

Salamu alaikum, tare da girmamawa. Ina gaishe ki, ina gaida ƙafa. Na so in kira ki a waya, amma yara ba sa barin kusa da ni, maganar kuma ba ta gaban yara ba ce.

'Yarki ta zo. Ta girma. Kin yi ƙoƙari, Allah ya biya ki. Tafiyarta irin ta tsohuwarmu ce.

Ya Zara, tun kafin ta shigo na san tana garin nan. Ina ganinta ta kafar ƙyaure kullum da safe, tana tsayawa a bayan maina. Ni na hana a sare reshen da ya sauko, don ta samu inuwa.

Da ta zo na yi mata burabusko da miyar yakuwa da kifi banda, wanda kika ce tana so. Na sa a langar aurena, wadda ko maigida ban taɓa zuba wa a ciki ba. Na tsaya a bayan labule in ji ƙarar murfi. Ya Zara, ko murfin ba ta ɗaga ba. Baƙo ma, komai kunyarsa, yakan taɓa loma ɗaya don mai gida. Wanda ya ƙi buɗe kwanonka kuwa, ya gaya maka abin da ke ransa. Na gane. Tana riƙe da ni a zuciya don na tafi na bar ta tana ƙarama. Ba na ganin laifinta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, za mu tashi. Maigida ya samu rumfa a kasuwar barkono a Legas, ya ce ba zai ci gaba da raba gida biyu ba. Ranar Asabar ta sama za mu bi motar kaya. Ban san yaushe zan sake ganin gida ba.

Ba na cewa ki tilasta mata. Amma in za ta yarda ta sake zuwa kafin ranar, zan kori yaran su tafi maƙwabta. Ki roƙar mini ita gafara. Ni bakina ba zai iya ba.

Ki yafe mini ke ma. Sai Allah ya sada mu.

Ƙanwarki,
Fadimatu

*

Bulabulin, Nguru

Mairam,

Salamu alaikum. Ina fata kina lafiya.

Ku biyun nan za ku kashe ni. Ke kin ce ba ta kalle ki ba, ita ta ce ba ki buɗe mata langa ba. Kowacce ta koma gefe tana kuka, ni kuma ina nan da ƙafa a kumbure ina karanta takardunku.

Uwarki ta rubuto mini. Labulen da kika ga yana motsi, ita ce a bayansa. Tun ranar da kika fara laɓewa take ganinki. Abincin nan domin ke ta yi shi, a langar da ba ta taɓa zuba wa kowa ba. Da kika bar shi a rufe, ta ɗauka fushi kike da ita, ta ɗauka kin ƙi ta. Na kira ta na ce mata, "Fadimatu, wannan yarinyar ko a gabana sai na fita tsakar gida take cin tuwo. Halinki ne ta ɗauko kaf." Sai na ji tana jan hanci.

Yanzu ki buɗe kunnenki. Za su koma Legas ranar Asabar. Ta ce ki zo, za ta kori yaran. Ki tafi gobe, kada ki ce sai jibi. Ba sai kin yi magana ba, ita ma ba za ta yi ba. Ki zauna, ki ɗaga murfi, ki ci. Shi ke nan.

Da ƙafata za ta kai ni tasha, da na zo na ja ki da kunne.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki,
Zara

*

Masaukin 'yan mata, Gashuwa

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Ina fata ƙafa ta yi sauƙi.

Inna, ban same ta ba.

Takardarki ta same ni ranar Talata. Na karanta a bayan ɗaki, na yi ta maimaita wurin da kika ce tana ganina. Na so in tafi washegari kamar yadda kika ce. Amma sai na ga ba zan iya shiga haka kawai ba bayan abin da na yi. Na ce bari in gama rigar, in na miƙa mata ita za ta faɗi abin da bakina ya kasa. Saura hannu da kalmasa kawai. Sai dai keken ba ya isarmu, layi ake yi, kowa tana sauri. Ni kuma ban iya cewa a ba ni ba. In an zo kaina wata ta ce, "Mairam, bari in ɗan ƙarasa," sai in ce to.

Ranar Alhamis Rumaisa ta gan ni ina riƙe da yadin ina hawaye, ta matsa mini har na gaya mata komai. Ta tashi ta dafa keken ta ce, "Wallahi yau duk wadda ta taɓa keken nan kafin 'yar Nguru, sai ta ɗinke ni da shi." Ta tsaya a kaina har na gama. Ranar Juma'a da safe na yi guga. Na ce ai Asabar ce tafiyar, ina da yini guda.

Bayan azahar na bi hanyata ta Katuzu. Ban tsaya a bayan bishiya ba, Inna, kai tsaye na nufi ƙofa. Babu barkono a waje, an naɗe tabarmin. Ƙyauren a buɗe. Na yi sallama da ƙarfi, karo na farko da muryata ta fita. Ba wanda ya amsa. Tsakar gida an share tas, sai duwatsun murhu da toka.

Wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke ce ta Ngurun?" Na ce ni ce. Ta ce, "Ayya, 'yar nan. Motar ta cika tun jiya, direba ya ce ba zai kwana biyu da kaya ba. Da hantsi suka tashi." Ta zagayo da wani abu a ƙulle cikin ɗankwali. Ta ce, "Tun Laraba kullum sai ta dafa ta zuba a nan, ta kori yara, ta zauna tana kallon zaure. In magariba ta yi ta ba almajirai. Yau ma da asuba ta hura wuta, mijin yana ta faɗa an ɗaure tukwane ta kwance. Ta ce in kin zo in ba ki. Na ce wa zan ce? Ta ce, ita ta sani."

Langar ce mai jan fure. Duk sauran jeren sun tafi Legas, ita kaɗai ta bari.

Na zauna a ƙasa a tsakar gidan, a inda na same ta tana tsintar shinkafa. Tsohuwar tana tsaye, jikokinta sun shigo, wasu mata ma sun leƙo suna kallona. Na ɗaga murfin. Burabusko ne da miyar yakuwa, ta cire wa kifin ƙaya duka kamar yadda ake yi wa ƙaramin yaro. Ya huce. Na ci a gabansu, Inna. Ina ci ina kuka, ban bar ko loma ba. Tsohuwar ta kawo mini ruwa ta ce, "Ci, 'yata. Da ta ga wannan."

Na dawo da ƙafa ta bakin titi, da langa a hannu ɗaya, riga a ɗaya. Ban ga amfanin zagayawa ba kuma.

Jibi za a sallame mu. Zan biyo Malam Kalli. Ki yafe mini da ban ji maganarki ba.

'Yarki,
Mairam

*

Tashar mota, Gashuwa

Innata,

Salamu alaikum. Motar Malam Kalli ta cika, zan biyo ta yamma, shi ya sa na ba shi wannan don kada hankalinki ya tashi.

Ke kika koya mini ba a mayar da kwano haka nan. Na wanke langar, na ninke rigar da zanin na sa a ciki, na ƙulle da ɗankwalinta. Tsohuwar nan ta haɗa ni da mai motar barkono da ya san rumfar mijinta, ya karɓa. Ban sa takarda ba, ban faɗi suna ba. Ita ma ta sani.

Murfin ban sa ba. Yana cikin jakata. Na ga yadda take jera kayanta, ba za ta iya kallon langa ɗaya a buɗe a cikin kabad ba. In ta kira ki tana tambaya, ki ce yana Nguru, kuma ba za a ba direba ba.

Sai na iso.

'Yarki,
Mairam